Daga Jana'iza Zuwa Asuba: Yadda Na Gina Babin Hana Ramuwa

A littafin da na kammala kwanan nan akwai babin da Nura ya hana amininsa Auwalu fita ya kashe wanda ake zargi da kashe ƙaninsa. Labarin ƙirƙira ne, amma na ɗora shi a kan abin da duk mazaunin Kano ya sani, wato ƙwacen waya. An tare Sadiku, autan gidansu Auwalu, a lungu bayan isha, ya hana wayarsa, aka soke shi, ya cika da hantsi a asibiti. Aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Dandolo bayan la'asar. Babin ya fara daga dawowa daga maƙabarta, ya tsaya a kiran assalatu.

Abu na farko da na yanke shi ne in ƙanƙanta burin Nura. Marubuta da yawa suna ɗora wa abokin nauyin ya sa mai makoki ya tuba, ya yafe, har ya rungumi makashin, duk a dare ɗaya. Mai karatu ba ya yarda da wannan, domin bai taɓa ganin an yi ba. Nura abu ɗaya yake so: Auwalu ya kai asuba hannunsa babu jini. Da burin ya zama na awanni, sai babin ya samu agogo, agogon kuma salloli ne. Na sa labarin a hunturu, lokacin da ake kiran magariba wajen ƙarfe 6, asuba kuma sai bayan 5, ga sanyi yana korar mutane daga majalisa da wuri. Dare ya yi tsawo, lungu ya yi fayau, babu mai taya Nura. Babin kalma 4,000 ne ko kusa da haka. Daga la'asar zuwa isha na ba shi kashi ɗaya cikin uku, tsakar dare a soro ta cinye rabi, ragowar na asuba ne.

Inda irin wannan babi ya fi lalacewa shi ne wa'azi. Abokin ya dafa kafaɗa, ya jero ayoyi da hadisai shafi biyu, mai fushi ya fashe da kuka ya yar da makami. Sai dai Auwalu tun safe ake ce masa "ya haƙuri", yana amsawa har bakinsa ya gaji. Kalmar ta daina shiga kunnensa. Kuma shi ma ya yi makarantar allo da Islamiyya, idan ka jawo masa falalar haƙuri zai jawo maka aya ta 178 da ta 179 a Suratul Baƙara, inda aka wajabta ƙisasi, aka ce a cikinsa akwai rayuwa. A ganinsa ba saɓo zai fita yi ba, haƙƙi zai karɓo. Don haka na bar nasiha a bakin limamin unguwa, a kan tabarmar makoki, layi uku kacal, da hadisin nan da ke cewa haƙuri na gaskiya shi ne na bugun farko. Auwalu ya ce amin bai ji ba. Nura kuwa sau ɗaya ya taɓa aya a duk daren, aya ta 33 a Suratul Isra'i, wadda ta ba waliyyin wanda aka kashe bisa zalunci iko, ta kuma hana shi wuce iyaka a kisa. Ita ce ta yi aiki, saboda ba ta ce wa Auwalu ba shi da haƙƙi ba.

Sauran aikin Nura na hannu ne, kuma shi na fi daɗewa a kai. Auwalu direban adaidaita sahu ne, to mukulli shi ne abin farko. Nura bai ce "ba ni don kada ka fita" ba, da an yi faɗa tun a nan. Cewa ya yi za a ɗauko tabarmi da bencina daga masallaci, ya karɓa ya ba wani yaro, bai dawo da shi ba. Sai waya: kira yana ta shigowa na ta'aziyya, Nura ya ce kawo in riƙa amsa maka, ya zura a aljihu. Ta wayar nan ake turo sunan wanda ake zargi da kwatancen gidansu, da hoton gawar da wani marar tunani ya ɗauka a asibiti ya watsa a WhatsApp. Sai abinci. Maƙwabta sun aiko da kwanuka kamar yadda aka saba, Auwalu bai sa komai a cikinsa ba tun jiya, idonsa biyu tun jiya. Mutumin da ke cikin yunwa da rashin barci shawararsa ba ta da kyau. Nura ya haɗa masa shayi mai kauri ya tsaya a kansa sai da ya sha rabi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kashe wutar da ke zuciyar Auwalu. Abin da suka yi shi ne ƙara tsawon hanya tsakaninsa da wancan gidan.

Dole ne a samu mai zuga, in ba haka ba Nura da iska yake kokawa. Nawa Ɗanliti ne, tsohon ɗan daba da ya ce ya ajiye makami. Ban mai da shi shaiɗani ba. Ya yi kukan Sadiku da gaske, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Shi ne ya ja Auwalu gefe bayan magariba ya ce an san yaron, ya faɗi suna, ya ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ya bar masa abu a naɗe cikin tsumma a bayan ƙyaure. Ban siffanta wuƙar ba, ban faɗi tsawonta ko kaifinta ba. Da zarar marubuci ya tsaya yana yi wa makami ado, ya koma ɓangaren Ɗanliti bai sani ba. Nura ba zai iya korar Ɗanliti da kansa ba, tsaransa ne. Sai ya raɗa wa kawun Auwalu, kawun ya aiki Ɗanliti Kurna ya sanar da wasu dangi, aikin da ba a ƙi a ranar makoki. Sunan da Ɗanliti ya kawo kuma na bar shi a ji-ta-ji-ta har ƙarshen babin. Wane ya ce wane ya gani. Ni kaina da nake rubutun ban tabbatar wa mai karatu ba.

Na zaɓi soro saboda ƙofa ɗaya ce ta fita, kuma abokin gida yana iya kwana a can a ranar makoki babu mai tambaya. Nura ya shimfiɗa tabarmarsa a gicciye a bakin ƙofa. Wajen ƙarfe 2 Auwalu ya fito.

"Matsa min."

"Ina za ka?"

"Ka sani."

"To tsaya in sa takalmina."

"Babu ruwanka a ciki, Nura."

"Ni na rungume shi a bayan adaidaita har asibiti. Ga rigar can ko wanke ta ban yi ba. In ka fita ƙafata ƙafarka, abin da ya same ka ya same ni. Amma faɗa min, kai ka ga yaron da idonka?"

"Ɗanliti ya ce shi ne."

"Ɗanliti yana wurin?"

Auwalu bai amsa ba.

"Gobe da hantsi dangin Baba na Gwarzo za su iso gaisuwa. Wa za su tarar a kan tabarma? Umma ce za ta fito waje ta karɓa?"

Akwai abin da na kiyaye a nan. Nura bai ce masa ya huce ba, bai ce Sadiku ba zai so haka ba (wannan jimlar ta gaji, kuma babu wanda ya san abin da mamaci zai so). Tambaya yake yi, kowacce kuma tana da amsar da Auwalu ba ya son furtawa. "Mu je tare" ita ce mafi nauyi, domin ta ɗora ran Nura a wuyan Auwalu, mutumin da bai wuce awa ashirin da rasa wanda yake kula da shi ba. Jimlolin gajeru ne. Mai fushi ba ya doguwar magana, wanda yake tare shi ma in ya tsawaita ya ba shi damar ture shi ya wuce. Wani abin kuma, Nura a zaune yake. Hadisi ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, amma ba na iya sa Nura ya umarci Auwalu da zama. Sai na bar Nura a ƙasa, Auwalu yana magana da wanda ke ƙasa da shi, har tsayuwar ta ishe shi ya durƙusa don kada a ji muryarsu a cikin gida. Da ya durƙusa, rabin aikin ya ƙare.

Kokawar ƙwace wuƙa na ƙi ta gaba ɗaya. A fim tana da daɗin kallo, amma a soro mai duhu wanda ya kai hannu ga makamin mai fushi shi ake kai wa asibiti. Ko da Nura ya yi nasara, ƙarfi ne ya hana Auwalu, ba Auwalu ne ya fasa ba, gobe zai nemo wata. Dole wuƙar ta bar hannunsa da yardarsa, kuma ba ga tsaransa ba, don a gaban tsara akwai girman kai. Tun magariba na sa Nura ya ce wa ƙanwar Auwalu in ta ji motsin ƙyaure ta tashi Umma. Auwalu ɗan fari ne, Umma tana yi masa alkunya, a babi goma sha da suka gabata ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yayanku". Na dasa wannan tun farkon littafi saboda wannan daren. Ta fito da hijabinta ta tsaya a ƙofar ciki ta ce, "Auwalu. Yau na ba da ɗaya. Kawo." Ba ta ƙara ko kalma ba. Idan ba a shuka alkunyar tun da wuri ba, kiran sunan ba ya ɗaukar komai.

Bayan an karɓe masa wuƙa sai a ba shi wata hanya, in ba haka ba an bar shi da hannu wofi da zuciya cike. A nan sai marubuci ya san shari'a. Na kashe mahaifinsu tun kafin labarin ya fara, domin a fiƙihun Malikiyya da uban yana raye shi ne waliyyin jini, ba wa ba. Yanzu Auwalu ne, kuma zartar da ƙisasi aikin hukuma ne, ba na waliyyi da hannunsa a lungu ba. A dokar Penal Code, wato dokar hukunta laifuka, sashe na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya yi kisan kai da gangan. Sassaucin da ke sashe na 222 na wanda aka tunzura nan take ne ya aikata kafin ya dawo hayyacinsa. Wanda ya kwana da niyya, ya tanadi makami, ya taka har gidan mutum, ba ya shiga ciki. Nura mai gyaran waya ne a Farm Centre, ba lauya ba, don haka ban sa masa lambar sashe a baki ba. Cewa kawai ya yi, "Kai za a rataye, shi kuma a kira shi marigayi." Abin da ya sani na sana'arsa shi ya kawo: kwalin wayar Sadiku yana nan da lambar IMEI a jiki, wato lambar da ake gane kowace waya da ita, da safe za su kai wa 'yan sanda tare da takardar likita da sunan mai shayin da ya ga lokacin da aka gudu.

Wanda zai rufe irin wannan labari da yafiya a kotu ya yi hattara. Diyya raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma yafiyar dangi tana aiki a kisan ganganci na gaba da gaba. Amma tare hanya da makami don ƙwace dukiya fashi ne, kuma a wajen Malikiyya wanda ya yi kisa a cikin fashi yafiyar dangi ba ta kuɓutar da shi. Masu karatu a Kano akwai ɗaliban ilimi a cikinsu, za su kama ka.

Sunayen wurare na ambaci na gaske inda babu zargi, kamar Dandolo, Kurna da Goron Dutse. Unguwar wanda ake zargi kuwa ban sa mata suna ba, haka ofishin 'yan sandan da asibitin. Faɗan daba tsakanin unguwanni abu ne mai rai a garin nan, littafi bai kamata ya ƙara wa wata unguwa tabo ba.

Nura kuma sai da ya biya. Auwalu bai gode masa ba, a sahun asuba ma matsawa ya yi daga kusa da shi, ya yi makonni ba ya amsa sallamarsa, Ɗanliti yana yawo da shi cewa matsoraci ne. Daren farko kuma ba shi ne kaɗai ba. Bayan sadakar uku tabarmi suna naɗewa, mutane su watse, gida ya yi shiru, nan ne haɗari na biyu. Na uku shi ne ranar da aka ɗage shari'a, ko aka saki wani cikin waɗanda aka kama don babu shaida a kansa, Auwalu ya gan shi yana yawo a gari. Wannan na ajiye shi babi huɗu a gaba, bayan sadakar arba'in, da rana tsaka a bakin kotu, mukulli yana aljihun Auwalu, Nura kuma yana shago.