Sandar da na ce wa ƙanina ya saya

Ranar Asabar ƙanina ya kira ni daga cikin shagon kayan kamun kifi. "Yaya, ga sanduna nan jere kamar rake a kasuwa, kowacce da lamba a jikinta. Wacce zan ɗauka?" Watansa huɗu ke nan a jihar Maryland ta Amurka, sau biyu na kai shi rafi, abin ya shiga ransa. Na ce ya mayar da kuɗinsa aljihu ya zo gida tukuna, don maganar ba ta tsaye ba ce.

A Yawuri inda muka tashi, fatsa ba ta da wani sirri: gora, zare, ƙugiya, tana, sai ɗan guntun dalma. In ka wurga, nauyin dalmar ne ke jan zaren. Wannan fatsar da na koya a Amurka ta sha bamban. Koton ƙwaro ne na ƙarya, ana ɗaure gashin tsuntsu ko na dabba a jikin ƙugiya, kuma yawanci bai da nauyin da za a jefa. Zaren ne mai kauri da nauyi, shi ake kaɗawa gaba da baya kamar bulala har ya ɗauki koton ya kai shi inda ake so. Lambar da ke jikin sanda kuwa tana faɗin nauyin zaren da aka ƙera ta dominsa. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan suka daidaita ma'auni, ana auna ƙafa 30 na farkon zaren: lamba 4 kusan giram 8, lamba 5 giram 9, lamba 6 giram 10 da ɗoriya, lamba 7 giram 12, lamba 8 kusan giram 14. A takarda bambancin kamar ba komai, amma a hannu ana jin sa sarai.

Kifin da muke bi shi ne bas mai ƙaramin baki, wanda mutanen nan ke wa kirari da mai bayan tagulla. Launinsa ruwan ƙasa ne, da jan ido da zane-zane a tsaye a gefensa, yana son ruwa mai gudu a kan duwatsu. Asalinsa ma ba ɗan kogin Potomac da ke yankinmu ba ne, a jirgin ƙasa aka kawo shi daga yankin kogin Ohio cikin shekarun 1850, ya zauna ya yi jikoki. Yawancin waɗanda nake kamawa ba su wuce inci 10 zuwa 14 ba. Mai inci 18 kuwa, ranar sai an ba da labari a gida.

Wannan ƙanƙantar ce ta ruɗe ni da farko. Na yi lissafin cewa ƙaramin kifi sai ƙaramar sanda, na sayi lamba 4, mara nauyi, mai daɗin riƙewa. Abin da ban sani ba shi ne, cikinsa ya fi jikinsa. Abincinsa jatan landen da ke ɓuya ƙarƙashin duwatsu, da ƙananan kifaye, da kwaɗi, da wata baƙar tsutsa mai cizo da ta kai tsawon ɗan yatsa. Kotunan da ke kwaikwayon waɗannan duk manya ne. Akwai Clouser Minnow, wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987 saboda wannan kifin a kogin Susquehanna da ke ratsa jihar Pennsylvania: gashin jelar barewa da idanu biyu na dalma. Akwai Woolly Bugger, shi ma daga Pennsylvania ya fito, mai jela buzu-buzu da ke shan ruwa ta yi nauyi. Akwai kuma mai kan soso da ke yawo a saman ruwa yana ɓulɓul, shi nauyinsa kaɗan ne, amma yana tare iska kamar faifai.

Wata la'asar a ƙasan garin Harpers Ferry, inda kogin Shenandoah ke haɗuwa da Potomac, iska ta taso daga ƙasan kogi. Ina tsaye cikin ruwa iya cinya, ina ganin kifi yana korar ƙananan kifaye a bayan wani dutse, tazarar ba ta fi ƙafa 50 ba. Na kaɗa, zaren ya lanƙwashe a iska ya zube a gabana. Na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas, idon dalma ya bugi sandar kusa da tsininta. Ban ga komai a wurin ba. Mako guda bayan nan, ina jan wani ɗan kifi, ta karye daidai wurin. Sandar ba ta da laifi. An yi ta ne don ƙananan ƙwarin ƙarya irin waɗanda ake jefa wa tirawut, wani kifin ruwan sanyi, ni na ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Shi ya sa da ƙanina ya zo, na buɗe akwatin kotuna na ajiye a gabansa kafin mu taɓa maganar sanda. Na ce ya ɗaga Clouser ɗaya ya ji a tafin hannu. Abin da za ka jefa da faɗin ruwan da za ka shiga, su za su zaɓa maka.

In mutum sanda ɗaya zai saya, ni lamba 6 nake cewa, tsawon ƙafa 9. Tana ɗaukar Clouser matsakaici da mai kan soso ba tare da kokawa ba, kuma in ɗan inci 11 ya kama, za ka ji shi har gwiwar hannu. Tsawon yana da amfani in kana cikin ruwa iya ƙugu, don yana ɗaga zaren sama da ruwan da ke bayanka, yana kuma ba ka damar gyara shi a kan ruwa kada gudun ruwan ya ja koton. Waɗanda ke bin Susquehanna ko Potomac a kwale-kwale suna jefa manyan kotuna tun safe har yamma, su 7 ko 8 suke riƙewa, kuma suna da gaskiya. Na gwada 8 a ƙaramin rafi, kifin ya zo kamar ana jan tsumma, daɗin ya tafi.

Ƙananan rafuka irin su Antietam da Catoctin, inda rassan bishiyoyi ke rufe sama, nan na fi so, kuma nan doguwar sanda ke zama wahala. Ina da wata ta faiba, wato zaren gilashi, ƙafa 7 da rabi, lamba 6, tana lanƙwasa har kusa da mariƙi. Ba ta kai nesa, amma a can ba a neman nisa, ana neman a saka koto ƙarƙashin saiwar da ruwa ya zaizaye, taku goma daga inda kake. Faiba ta fi girafait, abin da ake ƙera yawancin sanduna da shi, nauyi, ta kuma fi ta jure bugu. Ga mai koyo dai, ina ganin a guji sanda mai tauri sosai. Wadda ke lanƙwasa zuwa tsakiya tana bari ka ji lokacin da zaren ya miƙe a bayanka, kuma jin nan shi ne rabin koyon.

Kwarkwaron naɗe zare kada a kashe masa kuɗi, da hannu ake jawo yawancin kifin nan. A sa kuɗin a zare mai kyau, mai yawo a saman ruwa, mai nauyi a gaba, wanda aka yi don ruwan ɗumi. Kuma kafin a biya, a roƙi mai shago ya bari a gwada jifa a waje. Da yawansu suna yarda.

Ya koma ya sayi lamba 6. Lahadin da ta biyo muka shiga kogin Monocacy bayan sallar asuba, ruwan Agusta ya janye har ana ganin tsakuwa. Na ɗaura masa mai kan soso ruwan ɗorawa, na nuna masa inuwar wani gungume. Jifa na uku ya sauka daidai. Na ce kada ya motsa, ya bari da'irar ruwan ta lafa. Yana ɗan fizgar zaren sau ɗaya ruwan ya fashe, kifin ya yi tsalle sau biyu yana girgiza kai, sandar ta lanƙwashe. "Yaya! Yaya, zai tsinke!" Na ce ya ɗaga hannu ya bar sandar ta yi aikinta. Inci 13 ne. Ya jiƙa hannunsa kamar yadda na koya masa, ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har ya kaɗa jela ya koma ƙarƙashin gungumen.