Kafin ka ɗaura taya, duba lambobin nan huɗu

Yawancinmu a Kaduna in za mu sayi taya zanenta kawai muke kallo, ka sa yatsa ka ji ba ta suɗe ba shikenan sai ciniki, shi kuma mai shago a kasuwar Panteka ya dungurar da ita a ƙasa ta yi tsalle ya ce maka "Wallahi Alhaji wannan Beljiyam ce, ko titi ba ta gama sani ba." To roba dai tsufa take yi ko a ɗaki aka ajiye ta, tana bushewa tana tsatstsagewa, zane kuma yana nan raɗau.

A gefen kowace taya akwai inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa ƙarshe za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, wato in ka ga 2319 an yi ta a sati na 23 na 2019. 'Yan Road Safety sun sha faɗa cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka ƙera ta, amma wa ke saurara tunda sabuwa kuɗinta ya fi ƙarfin mai albashi, balle ɗan tasi. Kuma ba mamaki, Michelin sun rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop na Ikeja suka biyo baya a 2008, tun daga nan sai ta waje muke jira, dala na hawa ita ma tana hawa.

Sai kuma maganar iska, nan ne ma abin ya fi ba ni haushi. Wani mai facin gejinsa ya mutu tun tuni, babban yatsa yake dannawa ya ce "Ta yi Oga", ya ɗura maka 50 a ma'aunin iska na PSI alhali ƙaramar mota galibi 30 zuwa 35 take so, kuma a rubuce yake a jikin ƙofar direba, ba wanda ke leƙawa. Ka haɗa tsohuwar taya da iska fiye da ƙima da zafin watan Afrilu, ga lodin buhun masara, sannan ka hau hanyar Zariya ko ta Abuja kana taka 120, me kake jira in ba fashewa ba.

 Ka kuma duba safaya, galibi ita ce mafi tsufa a motar.