Aikin yau: sandunan riƙe aksil na M35

Talata. Yinin yau duka ya tafi a ƙarƙashin M35, motar nan mai ƙafa shida da sojan Amurka suka sallama. Kukanta: in an taka birki sai a ji ƙwas daga baya.

Da yawa suna zaton sifirin ke riƙe aksil biyu na baya, wato ƙarafan da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Ba shi ba ne, nauyi kawai yake ɗauka. Sanduna shida ke hana aksil gocewa da juyawa, biyu a sama, huɗu a ƙasa. Kowane kai yana da bushin roba da ƙarfe mai tsini a tsakiya. Robar na tsufa ta saki ƙarfen, sandar ta zame, aksil ya ja baya, farfela, wato ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa aksil, ta fito. Shi ya sa ba na yarda da duban ido. A sa dogon ƙarfe tsakanin sandar da mazauninta a banƙara. Kan da ya motsa bai koma ba, ya mutu. Yau sanduna uku suka faɗi wannan gwajin.

An sa wa tayoyi waigi, aka ɗauke sandunan ɗaya bayan ɗaya, don in an cire biyu tare aksil kan mirgina, ramuka su ƙi haɗuwa. A zare fin ɗin da ke kulle noti, a sassauta notin amma a bar shi a bakin zare. Kada a doki kan ƙarfen, zaren zai lalace. Gefen mazaunin ake duka da babbar guduma har tsinin ya saki. Na sama su ne wahala, bodi ya rufe wurin, hannu ba ya samun lilo.

Kafin a kai sandar injin matsi don fitar da tsohon bushin, a yi alamar inda kowane tsini yake fuskanta. Injin tan 20 yakan gaza in tsatsa ta kama, sai an nemi babba. A goge ramin tas, sabon bushin ya shiga a miƙe.

Wajen mayarwa, tsinin da raminsa su kasance a bushe, babu giris. Sai motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyi za a yi ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe. In ramin fin bai daidaita ba, a ƙara ɗaurewa, kada a sassauta.

Biyu na ƙasa sun koma. Na saman na jiƙa shi da man sassauta tsatsa, sai gobe.