Fatsa a Magudanan Ruwan Mayami

Duk wanda ya ji Mayami, bakin teku yake fara tunawa. Da na sauka a wannan birni na kudancin jihar Fulorida ta Amurka, ƙanena da ke zaune can ya ce, "Yaya, bar teku tukuna, akwai kifin da nake so ka gani a cikin gari." Muka yanki lasisin kamun kifi ta waya, muka sayi ƙananan kifaye masu rai da za mu maƙala a ƙugiya, muka nufi magudanar Tamiami da tafkunan da ke jikin filin jirgin sama.

Ruwan yana ratsa bayan gidajen mutane da ƙarƙashin gadoji, jirage na ta sauka a kanmu. Don hana ambaliya aka haƙa magudanan, amma yau kifin bas mai dawisu ya mamaye su. Launinsa ruwan zinariya ne da ratsi baƙaƙe uku, ga tabo zagayayye a gindin wutsiya. Da rana tsaka yake farauta, saboda haka babu sammako. Wanda ya fara cafke ƙugiyata ya fizgi zaren har sandar ta lanƙwashe, ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai. Hannuna rawa yake lokacin da na ɗago shi.

Labarin zuwansa ya fi kamun ma burge ni. Baƙo ne daga Kudancin Amurka. A 1984 hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta sake shi da gangan, don ya cinye baƙin kifayen da suka cika ruwan, musamman wata karfasa mai ɗigo-ɗigo wadda asalinta daga Afirka ta Yamma ne. Karfasar da muke saye da kuɗi a gida, a can annoba ce! Kuma da lissafi suka yi abin: kifin ba ya jure ruwan da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 15 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, ba ya kuma son gishirin teku. Sanyi ya tare shi ta arewa, teku ta tare shi ta gabas, sai magudanan da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɗumama su a lokacin hunturu. Wannan hangen nesa ya cancanci yabo.

Mun kuma samu bas mai faɗin baki, ɗan asalin wurin, a cikin ciyayin gefen ruwa. Shi ya fi son sanyin safiya da yamma.

Doka ta yarda mutum ya tafi da mai dawisu biyu a rana, ɗaya kawai tsawonsa ya kai inci 17 ko fiye. Yawancin masu fatsar ma mayarwa suke yi. Raina ya so miya, amma ganin yadda ruwan tsakiyar birni ke cike da kifi saboda wannan ɗabi'a, na cire ƙugiyar a hankali na sake nawa, muka ƙara gaba zuwa gada ta gaba.