Ƙayar da aka sare mini

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna ranar da aka sare ƙayar nan. Filin da na killace ƙasa ce da noma ya tsotse, ruwa ya wanke samanta, na bar ta in ga me za ta fitar da kanta. Ciyayi masu rayuwar damina ɗaya suka fara zuwa, daga baya masu dogon saiwa da ke tsallake rani suka danne su. Wannan ba sabon abu ba ne.

Ƙaya ce ta ba ni mamaki. Wasu ƙananan itatuwa masu ƙaya, dangin wake, suka fito nan da can, kuma duk ɗan tsiron babbar bishiya da na gani, a gindinsu yake. Tsuntsu ya sauka a reshe ya yi kashi, iri yana ciki. Inuwa ta sa ƙasa ta riƙe laima, ƙaya ta hana dabba kai baki, ga bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, a saiwa masu kamo naitirojin, sinadarin da ke ciyar da tsiro, daga iska. Haka wani tsiro dangin wake ya yi a kan tokar dutsen Saint Helens na Amurka bayan aman wutar 1980, ya gyara wa na baya wuri.

Sai wanda aka ɗauka gyaran shinge ya ga ƙazantar daji ce, ya share ta tas, yana ganin alheri ya yi mini. Kafin ruwa ya sauka rana ta ƙone tsiron duka.

Na zaci ƙayar za ta dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Ina! Wata ciyawa mai kauri ta riga ta, ta shimfiɗe wurin kamar tabarma, babu ƙwayar irin da ke iya kaiwa ga ƙasa. A 1977 masana ilimin muhalli Joseph Connell da Ralph Slatyer sun bayyana cewa tsiron da ya fara zuwa yana iya share wa na baya hanya, yana iya tare masa, yana kuma iya zama bai dame shi ba. Biyu na farko na gan su a fili ɗaya. Shi ya sa na fi yarda da masanin tsirrai Henry Gleason, wanda tun 1926 ya ce haɗuwar tsirrai a wuri ta dogara da irin da ya samu isowa da yanayin da ya tarar, fiye da takwaransa Frederic Clements da ke ganin daji yana bin mataki-mataki zuwa makoma guda.

In za ka yi irin wannan aiki, duk wanda zai shiga filin da adda ka zagaya da shi da ƙafarka, ka nuna masa abin da ba a taɓawa. Faɗa da baki ba ta isa. Ka riƙa ɗaukar hoto daga wuri ɗaya kowace damina. Ni yanzu busassun rassa nake kafawa don tsuntsaye su samu wurin sauka, ina cire ciyawar da hannu a gindinsu, aikin da ƙayar nan take yi mini kyauta.