Sabar da ke mutuwa ba ko sallama

Ban fi wata uku da kama aiki ba aka damƙa mini manhajar karɓar biyan kuɗi. Da Java aka rubuta ta, tana gudana a kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja a cikin saba, mai memori gigabait 2. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ta faɗi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne log ɗinta, wato inda take rubuta abin da take yi: layin ƙarshe aiki ne lafiya ƙalau, daga nan tsit. Ni kuwa sai in sake tayar da ita in koma barci.

Wani na gaba da ni a ofis ne ya ce, "Malam, kafin ka tayar da ita, duba lambar da ta fita da ita." Na duba, 137. Wato 128 a tara da 9, ita kuwa 9 ita ce SIGKILL, umarnin kashe manhaja nan take. Ashe ba faɗuwa take yi ba, Linux ne ke kashe ta idan ta haura iyakar kwantenar, kuma wanda aka yi wa SIGKILL ba ya samun damar cewa uffan. Muka buga `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, ga rahoton kisan nan ɓaro-ɓaro.

Laifin nawa ne. Na sa `-Xmx2g`, na ba heap, wato ɓangaren memorin da Java ke ajiye bayanan manhaja, duk abin da kwantenar ke da shi, alhali Java na cin memori a wajen heap: ga metaspace inda take ajiye bayanan lambobin manhajar, ga kowane zare (thread, wato layin aiki guda) da nasa wurin, kusan megabait 1.

Ya ce in rage heap zuwa gigabait 1.5, in ƙara `-XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError`. Sai da muka yi gardama. Abin da bai isa ba, ta yaya za a ƙara rage shi? Amma na yi. Bayan kwana biyu matsalar ta dawo, sai dai a wannan karon Java ce da kanta ta yi ƙara da `OutOfMemoryError`, ta bar mana fayil mai ɗauke da kwafin duk abin da ke cikin heap a lokacin.

Da na buɗe fayil ɗin da manhajar bincike ta Eclipse MAT, sai ga HashMap guda ɗaya, wato wata ma'ajiyar bayanai a cikin manhajarmu, ya mamaye kusan komai. Bayanan kowace mu'amala muke jefawa ciki don a same su da sauri, babu mai kwashewa. Kamar randar da ake ta zuba wa ruwa ba a ɗiba. Da gigabait 8 muka ba ta, da kwanakin kawai za su ƙaru.

Muka maye gurbin HashMap ɗin da Caffeine, ma'ajiyar wucin gadi mai iya kwashe tsofaffin bayanai, muka sa masa iyakar adadi da wa'adin minti 10. Washegari na ga layin memori a allon sa ido yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, maimakon hawan da ba ya dawowa.