Talata, 3 ga Satumba 2013: Nine Inch Nails sun dawo, kan masoya ya rabu

Jiya hutun ma'aikata ne a nan Amurka, shi ya sa yau garin Cleveland ya tashi da nauyin jiki, kowa na jan ƙafa zuwa wurin aiki. Ni kam tun da na idar da sallar Asuba ban koma barci ba. Yau ne sabon kundin waƙoƙin ƙungiyar makaɗa ta Nine Inch Nails, Hesitation Marks, ya shiga kantuna, na farko tun bayan The Slip na 2008. Tun makon jiya waƙoƙin suka bazu a intanet, amma na kame kunnena, ban ji komai ba sai guda ukun da aka fara saki. So nake in ji shi daga farko har ƙarshe, yadda mai shi ya jera abinsa.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi nawa ba su saba da irin kiɗan ba. Indastiriyal ake ce masa. Ana haɗa ƙarar ƙarfe da gurnanin injuna da bugun kwamfuta, a ɗora gita mai tsawa a kai, mawaƙi kuma ya bi da murya, wani lokaci raɗa, wani lokaci ihu. A Ingila ya samo tushe wajen 1976 da su Throbbing Gristle, sannan Skinny Puppy na Kanada da Ministry na Chicago suka ƙara masa ƙarfi. Wanda ya fito da shi daga lungu ya kai shi gidajen rediyo shi ne Trent Reznor, jagoran Nine Inch Nails, kuma a garin nan ya fara. Yana aikin shara da taimaka wa injiniya a situdiyon Right Track, in dare ya yi an watse sai ya naɗi nasa. Daga nan kundinsa na farko, Pretty Hate Machine, ya fito a 1989. Mutanen Cleveland na kallonsa a matsayin nasu, ko da yake ɗan Pennsylvania ne, kuma ya daɗe da barin nan.

Da na shiga ɗakin gwaje-gwaje da safe, abokin aikina, wani Ba'amurke da ya ba shekara arba'in baya, ya riga ni zuwa. Shi ne mutumin da na fi yin hirar kiɗa da shi. Tun yana sakandare yake bin wannan ƙungiya, har tambarinta yake da shi a bayan motarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce shi fa ya ji kundin sau biyu, kuma an cuce su. Na ce wa ya cuce ku? Ya ce mutumin da ya yi The Downward Spiral, kundin ƙungiyar na 1994, ba shi ne ya yi wannan ba. Babu ihu, babu gitar da ke tsaga kunne, sai ƙananan bugu na kwamfuta da mutum zai iya rawa da su. Da ya zo kan waƙar “Everything” kuwa har ajiye kofin kofinsa ya yi. Ya ce waƙar yara ce, irin wadda ake sa wa tallan mota, kuma da ya fara jin ta a watan jiya ya ɗauka wani ne ke tsokanar masoya.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun da waccan waƙa ta fito ake ta cacar baki a kanta. “Came Back Haunted” da aka saki a watan Yuni, wadda daraktan fina-finai David Lynch ya shirya mata bidiyo, ta samu karɓuwa daidai gwargwado. “Copy of A” ma haka, musamman ga waɗanda suka kalli wasansu a bikin kiɗa na Lollapalooza ranar 2 ga Agusta, inda Reznor ya fito dandamali shi kaɗai da fitila ɗaya, sauran makaɗan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Amma “Everything” ta raba gida biyu.

Abokin nawa yana da wasu ƙorafe-ƙorafe guda biyu, kuma ba zan ce ba su da tushe ba. Na farko maganar kamfani. A 2007 Reznor ya rabu da kamfanin Interscope bayan ya yi ta sukar manyan kamfanonin faifai, har ya taɓa gaya wa 'yan kallo a Ostireliya su saci waƙoƙinsa tunda an tsawwala musu farashi. A 2008 ya fitar da Ghosts I–IV da kansa, ya kuma raba The Slip kyauta. Yanzu ga shi ya sa hannu da Columbia, wadda ke ƙarƙashin Sony. Na biyu maganar ban kwana. A 2009 aka yi rangadin Wave Goodbye, aka rufe a gidan wasan Wiltern na Los Angeles ranar 10 ga Satumba. Mutane sun kashe kuɗi sun yi doguwar tafiya, wasu sun yi kuka, suna ganin ƙarshen ke nan. Abokina yana cikinsu. Ya ce yanzu hawayen nan nasa sun zama na banza.

Na ce masa a iya abin da aka faɗa a lokacin, yawon wasa ne aka dakatar, ba a ce an rufe ƙungiyar har abada ba. Ya ɗaga kafaɗa. Na bar maganar, don na ga abin ya fi gaban hujja, ciwo ne. Batun Columbia kuwa ni ma ya ɗan tsaya mini a wuya. Na fahimci mutum zai gaji da zama shi ne makaɗi, shi ne mai talla, shi ne mai rarraba kaya. Duk da haka wanda ya tara jama'a a bayansa kan wata aƙida, idan zai sauya hanya, dole wasu su ji an bar su a rana.

Bayan Azahar na hau bas zuwa wani ƙaramin kantin faifai da ke gabashin gari. Mai kantin ya jera kundin a gaban teburinsa. Bangon ya ɗauki idona tun daga ƙofa, launin tsatsa da ƙasa da ja kamar busasshen jini. Russell Mills ne ya yi shi, wanda ya yi bangon The Downward Spiral a 1994, har salon rubutun sunan ma an dawo da irin na wancan. Mai kantin ya ce wannan bangon ne ya jawo rabin rigimar, domin ya sa mutane sun sa rai za a mayar da su shekarar 1994, sai suka buɗe suka tarar da wani abu daban. Na ga gaskiyarsa.

A gabana a layi akwai wata mata da 'yarta budurwa. Da ta ga abu ɗaya muka ɗauka sai ta tambaye ni ko ni ma ina cikin masu zagin “Everything”. Na ce ban yanke hukunci ba tukuna. Ta ce ita a mota ta fara jin ta, sai da ta gangara gefen titi ta tsaya. Ta ce ta yi shekaru tana fama da giya, a wancan lokacin waƙar “Hurt” ta cikin The Downward Spiral ce abokiyar zamanta, kuma ba ta taɓa zaton za ta ji mutumin nan yana waƙar cewa ya tsira ba. Ba ta ƙara komai ba, ta biya kuɗinta suka fita. 'Yar tata ce ta riƙe faifan.

Sai bayan Magariba na samu zama. Na sa abin sauraro a kunne, na kashe waya, na ba shi sa'a guda da 'yan mintuna, waƙoƙi 14.

Abu na farko da na lura da shi shi ne sarari. A da Reznor yakan cika kowace kusurwa da ƙara har numfashi ya gagara. A nan ya bar wurare fayau, bugu ɗaya na tafiya, murya na bin sa a hankali, sai can wani ƙaramin sauti ya ɓullo ta kunnen hagu ya ɓace. Shi da Atticus Ross da Alan Moulder suka haɗa aikin, kuma ana jin hannun mutanen da suka yi shekaru suna yi wa fina-finai kiɗa. Ba mamaki, tunda shi da Ross sun ci kyautar fina-finai ta Oscar a 2011 da kiɗan fim ɗin The Social Network. “Find My Way” ta fi kama da addu'ar wanda ya ɓata hanya. A “All Time Low” gitar bes ɗin Pino Palladino ce ke jan ragama, tana lanƙwasa, sannan ƙarshenta ya buɗe ya yi haske. “Various Methods of Escape” ita ce ta fi shiga raina, saboda yadda take taruwa sannu a hankali har ta fashe. Wanda ke neman tsohon fushin kuma ya je “In Two”, yana nan, sai dai an ɗaure shi da linzami. Lindsey Buckingham na ƙungiyar Fleetwood Mac ya buga gita a cikinta, abin da a 1994 babu wanda zai yarda zai faru.

“Everything” ita ce ta bakwai, a tsakiyar kundin. Ba zan ɓoye ba, ba ita ce zaɓina ba. Tana shigowa da gudu da haske bayan “Disappointed”, ta fice kafin ka gama daidaita zama, kuma ba ta yi kama da maƙwabtanta ba. An ce ita da “Satellite” tun asali an rubuta su ne don wani kundin tattara fitattun waƙoƙi, daga nan aikin ya girma ya zama wannan, kuma ana jin alamar hakan. Amma masu cewa waƙar murna ce zalla ba su saurari amshinta ba. Amshin cike yake da hayaniya da firgici, muryar mutumin da ya fito daga rami amma bai gama yarda ƙasar da ya taka za ta riƙe shi ba.

Abin da ya dame ni a duk maganganun yau shi ne wannan. Reznor ya yi The Downward Spiral yana ɗan shekara 28, yana gangarawa da gaske. Waƙoƙin ba wasan kwaikwayo ba ne. Giya da ƙwaya sun ci shi har ya kusa mutuwa a Landan a shekarar 2000, kafin ya shiga jinya ya daina a 2001. Yau shekararsa 48, yana da mata da 'ya'ya biyu. Idan masoyi ya ce a dawo masa da Reznor na da, me yake roƙo ke nan? Waccan muryar ba a situdiyo aka ƙera ta ba, daga halin da mutumin ke ciki ta fito. Ko dai ya koma cikin halin, ko ya yi ƙaryar yana ciki. Na farko mugun fata ne ga wanda ka ce kana ƙauna. Na biyu kuwa shi ne ainihin cin amanar da ake zarginsa da ita, don abin da ya jawo mu gare shi tun farko shi ne ba ya yi mana ƙarya. Kowa na da damar cewa waƙa ba ta yi masa daɗi ba, ni ma na faɗi tawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙe wa mutum lafiyarsa a matsayin laifi.

Na kuma san abin da abokina ke kewa ba gita ba ce kawai. Yana kewar yaron da yake a lokacin da ya fara jin waɗancan waƙoƙi a ɗakinsa, kuma wannan babu kundin da zai dawo masa da shi.

Da na cire abin kunne na mayar da “Copy of A” a lasifika, sai abokin zamana ya leƙo daga kicin. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Ya ce, “Ƙanena, wannan kiɗa ne ko injin niƙa ne ya ɓaci?” Na ce, “Yaya, ai wannan mai sauƙin ne, shi ya sa ma ake faɗa.” Muna cin abinci na ba shi labarin tun daga shara a situdiyo har zuwa Oscar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To, Allah Ya ba bawansa lafiya, su kuma suna jin haushi?” Na ce ba duka ba, akwai masu murna da yawa. Ya ce in ƙara masa waccan mai sanyin, yana nufin “Find My Way”, ya ji ta har ta ƙare.

Rangadin Amurka zai fara ranar 28 ga wannan wata a St. Paul. Sababbin makaɗan ƙungiyar, Adrian Belew da Eric Avery, sun fice tun kafin a fara wasanni, tsohon makaɗinta Robin Finck ya dawo kan gita, kuma wannan labarin ko abokina ya yi farin ciki da shi. Bayan Isha na tura masa saƙo na ce ya tsallake ta bakwai in ya ga dama, amma ya sake jin ta tara da ta goma sha biyu, wato “Various Methods of Escape” da “In Two”, da abin kunne, ba a mota ba. Ya amsa da cewa zai gwada, kuma in za a sayi tikiti in sa da shi.